Tukwici a resto: ku kuna bari ko kuna kwashe canjinku?

Baban Ummi, Yantala
Salamu alaikum ƴan uwa. Wata magana ce ta haɗa ni da madam jiya da dare, na ce bari in kawo nan a raba mu. Na kai su resto a Plato ita da yara, mun yi komanda kifi kaftan gasasshe da aloko da shinkafa, wallahi sai da muka yi kusan awa guda muna kallon juna, ƙaramar har ta yi barci bisa tebur, da abincin ya zo kuma alokon ya huce. Faktir jika goma sha ɗaya da dala ɗari, na bada jika sha biyu, yarinyar da ke kawo abinci ta maido dala ɗari cikin ɗan faranti, na ɗauke abina na sa aljihu. Muna shiga mota madam ta ce na ba ta kunya, wai wannan canjin barin shi ake. Na ce in bari don mi, don an shanya mu? To ku ya kuke yi, kuma wanda aka taɓa ɓata ma rai wurin cin abinci ya faɗa mana yadda ya ƙare.

Hajiya ta Wadata
Wa alaikumus salam. Baban Ummi ni dai ina bayan madam. Ai ba abin turawa ba ne kamar yadda wasu ke cewa, mu ma muna da shi tun kaka da kakanni, in maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon abinci kana maida kwano hannu wofi ne? Ko dala biyar ce sai ka ba ɗan aike tukwici. To ita ma wannan ƴar aike ce tsakanin kicin da teburinka. Ni dala arba'in zuwa dala ɗari nake bari, in da baƙi na je jika guda, ban taɓa zama ina lissafin kashi kaza cikin ɗari ba.

Tsohon ma'aikaci
Yaya ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don ni na yi shekara uku ina kawo ma mutane abinci a wani resto wajen Shato 1 kafin in koma sayar da kayan salula. Abin da ba ku gani daga tebur: da mun karɓi komanda mun miƙa takarda kicin, shikenan namu ya ƙare sai jira. Kifin ma wani lokaci yana ƙanƙare cikin firiza, sai an narka shi, mai gashi ɗaya ne, gawayi ɗaya, tebur takwas na jira, in wuta ta ɗauke kafin a tada gurup wani minti goma ne. Amma wa ake zagi? Mu. Mai dafuwa ba ya ganin fuskar kowa, patiron yana kes a zaune.

Albashi kuwa, daga 2012 har ƙarshen 2023 mafi ƙanƙancin albashi a takarda 30.047F ne, ni jika ashirin da biyar aka fara ba ni, babu wata takarda da na sa ma hannu. Ka fasa kofi a cire. Wata rana wasu samari huɗu suka ci kaza biyu da lemu suka sulale ta ƙofar baya wai za su wanke hannu, jika tara aka cire mini a wata. Dala ɗarin nan da ka maida aljihu ita ce kuɗin kabu-kabu na yarinyar in an tashi ɗaya na dare, watakila Harobanda take ko Talaje.

Sai dai roƙo ɗaya. In za ku bada ku dunƙula ku sa ma yaro a hannu. Wurin da na yi aiki akwai akwati gaban kes, an rubuta na ma'aikata ne, ni dai har na bar wurin sau biyu na ga an buɗe shi gabanmu. Kuma don Allah a bar kiran mutum da tsaki ko buga cokali a kofi. Wanda ya ce mini ƙanena zo mana, ko bai ba ni ko tamma ba, shi nike fara kai ma abinci, gaskiya ce.

Ɗan Adar
Ku mutanen Yamai kuna da shagali hwa. Mu nan Tawa in ka tahi wurin mai balangu ka sayi na jika guda, kai ne ka cewa ina gyara, shi yanko maka kitse da hanta shi ƙara albasa ƴar Galmi. Mai hura ma sai ta ƙara nono. Wato mai saye aka ba, ba shi ka badawa ba. Ni sai da na tahi bida Abijan na ga ana barin canji a maki, ranar farko har na bi mutum da gudu na ce patiron ka mance kuɗɗinka, anka yi ta dariyata.

Maman Sadik
Ni tukwici bai dame ni ba, abin da ke cina shi ne ba canji. Ka ci na 1.700F ka bada jika biyu, yaro ya tafi da kuɗi ya ɓace, ka yi ta leƙe, ya dawo ya ce madam ba mone. Dala sittin ba za ta kashe ni ba amma bar ni in ba ka da hannuna mana, kyauta daban ƙwace daban. Na san matsalar canji gaskiya ce a garin nan, ko takisi ka shiga da jika guda sai direba ya yi tsaki, ga ƙwandalar 250F da wasu ke ƙin karɓa, amma wasu dabara ce kawai. Yanzu tun kafin in yi komanda nake nuna kuɗina in ce akwai canjin wannan? In wurin na karɓa ta waya sai in tura daidai, in ciro dala ashirin ko arba'in a jaka in ba yaron.

Na Nuyok
Ku gode Allah abin ganin dama ne a gida. Nan Amurka 15 zuwa 20 cikin ɗari ake bari, yanzu ma 20 ɗin ce aka saba, saboda dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2,13 a awa, dalar Amurka nake nufi ba tamu ba, sauran daga hannun masu ci yake fitowa, ko da yake wasu jihohi sun ɗaga nasu. Satin farko da na zo na biya faktir cif na fita, abokina ya ce kar ka sake komawa wurin nan. A Faransa kuma an riga an saka kuɗin sabis cikin farashi, abin da ka bari kyautarka ce. Da na zo hutu Yamai na bar jika biyar a wani wuri yayana ya kusa marina, ya ce kai za ka tafi ka bar mu da su.

Malam na Bukoki
Yayanka ya yi gaskiya. Ni tsorona kenan, yau tukwici gobe ya zama goro, mai babbar riga a kawo mishi da gudu, talaka mai dambu da zogale ya yi ta ɗaga hannu. Na gani da idona, mun riga wasu zama, an san su da sakin hannu, suka ci suka tashi mu ko ruwa ba a aje mana ba. Mai wuri ya biya yaransa da kyau mana, don mi za a ɗora mana.

Tsohon ma'aikaci
Malam ba ka yi ƙarya ba, muna yin haka, ni ma na yi. Amma kafin patiron ya gyara albashi yaron nan zai ci abinci yau.

Anti Rabi, Lazare
Ni tawa cikin azumi ce, lokacin zafin nan na Afrilu. Mu shida daga wurin aiki muka yi komanda tun la'asar don buɗa baki, aka kira sallah ba dabino ba kunu ba ko zoɓo, da miya ta zo kuma ga ƙuda kwance a kai. Wata cikinmu ta miƙe za ta fara masifa, na riƙe mata zane. Na yafito yarinyar, ƴar ƙarama ce ita ma da azumi a bakinta leɓe duk ya bushe, na ce ɗiyata ɗauke wannan ki kira mini mai wurin. Da ya zo ban ɗaga murya ba, na ce Alhaji mun zo da yunwa da mutuncinmu, ga abin da muka tarar. Ya sauya miyar, ya cire kuɗin faranti biyu, ya ƙaro lemu hari. Da za mu tafi na ba yarinyar dala ɗari a hannu, shi kuma ban sake taka wurinsa ba har yau. Baban Ummi kai jiya ka yi ma mai wurin magana ko dai yarinyar kawai ka hukunta?

Baban Ummi, Yantala
Anti kin kama ni, ban yi ma kowa magana ba, na dai ɓata fuska na kwashe canji. Kuma yanzu da nake tunawa sau biyu ta zo ta ce ku yi haƙuri Alhaji kifin na bisa wuta, har ta kawo ma yara ruwan sanyi ba mu tambaya ba. Madam na karanta amsoshinku tana ta dariya, ta ce ranar Asabar za mu koma, dala ɗarin daga aljihuna, ita kuma za ta ga patiron kan maganar aloko. Ɗan Adar in na zo Tawa kai za ka kai ni wurin mai gyaran nan.

Ɗan Adar
Ka taho da jika biyu, kuma canjin nawa ne.