Windows 11 ta ƙi tsohuwar kwamfutata, ku ya kuka yi da naku?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum 'yan uwa. Laptop ɗina ta hannu ce, ƙwaƙwalwarta (processor) Intel Core i5 ce zubi na 6. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10, ita kuma 11 ta ce sai Intel zubi na 8 zuwa sama, da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Ga ta da nauyin tashi, sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo. Kuɗin sabuwa babu. Wa ya shiga irin wannan?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Ni ƙanena ya sa mini Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Satin farko na yi ta neman inda abubuwa suke, daga baya hannu ya saba. Tambayoyin jarrabawa da sakamakon yara duk a LibreOffice nake yi, manhajar rubutu mai kama da Microsoft Office. Inda na ji haushi, na tura wa hedimasta jadawali, ya buɗe a Word, layuka suka goce. Yanzu PDF nake tura masa, kowa ya huta.

Mai Buga Katin Biki: Malama, ke rubutu kawai kike yi. Mu abincinmu CorelDraw ne, shi kuwa ba a yi shi don Linux ba. Na gwada Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, kwana uku, kwastoma na tsaye a kaina yana jiran katin ɗaurin aure. Haƙura na yi, na shiga kasuwar Beirut Road a Kano na ɗauko mai zubi na 8.

Mai Gyara: Ɗan'uwa, nauyin nan ba laifin Windows ba ne, hard disk ɗinka ne, ma'ajiyar bayanan kwamfutar. Tsohon yana da faifai mai juyawa, sabon samfurin da ake kira SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ya fi sauri. Canza shi, in RAM ɗinka (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB ne ka mai da shi 8. Da yawa sun zo shagona da niyyar sayarwa, na sa musu SSD, suka fasa. Ana iya cusa wa irin taka Windows 11 da wata manhaja mai suna Rufus, ina yi wa mai so, amma ina gaya masa gaskiya: kamfanin Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da turo mata gyara ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan ƙarin ciwon kanmu kibod ne. Na hannun da ke zuwa daga Faransa AZERTY ne, jerin haruffansa daban, wanda ya saba da QWERTY irin na Kano sai ya danna A ya ga Q.

Ɗaliba a Samaru: MacBook Air M1 yayana ya bar mini. A ɗauke wuta tun safe, ina aiki har magariba, kuma ba fanka balle ƙara. Sai dai RAM ɗinta a manne yake, yadda ka saya haka za ka zauna.

Ɗan Gwammaja: Na gode ƙwarai. Na sa SSD jiya, kafin in gyara zama ta tashi. Mint ɗin ma na gwada daga filash ba tare da na goge komai ba. Malama, firinta fa, ta kama miki kai tsaye?