Ƙannena biyu sun ɓata kan kuɗin albasa, an ce ni zan sasanta su

Ɗan kasuwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga tsakani. Ƙannena ne biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban ya zuba jari, ƙaramin ya bi motar albasa zuwa Yaunde, babban birnin Kamaru. Mota ta lalace gaba da Gaundare, ta kwana huɗu a bakin hanya, kaya suka ruɓe. Da aka yi lissafi, sefa 600,000 babu ita babu dalilinta. Babban na cewa an ci amanarsa, ƙaramin ya rantse ko dala bai taɓa ba. Tun ƙaramar Sallah ba sa ga-maciji, matansu ma sun daina aika wa juna kwano. Inna ta kira ni ta ce tunda Baba ya rasu, ni ne uba. Ni kuwa ko faɗan yara ban iya rabawa ba. Ta ina ake farawa?

Dillalin shanu, Gaundare:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Kada ka kuskura ka tara su a zaure ɗaya ranar farko. Ni na taɓa yi, na sha kunya. Wani ya sayi bijimi ta hannuna, kwana biyu ya mutu. Mai saye ya ce da ciwo aka sayar masa, mai sayarwa ya ce ajali ne. Nan take na ja su gaban Sarkin Shanu, 'yan kara suka kewaye mu, kowa ya ga idon jama'a a kansa, sai da aka riƙe sanduna.

Bayan sati na bi kowa gidansa bayan isha'i, na zauna na yi shiru ina shan shayi. Ashe ba kuɗin ne ya fi ƙona ran mai saye ba, an kira shi maƙaryaci ne a gaban ɗansa. Kuɗin raba asara aka yi cikin minti biyar. Kalmar nan kuwa sai da mai ita ya koma wurin da ya faɗe ta, a gaban mutanen da suka ji, ya janye. Sannan abin da wannan ya faɗa maka cikin fushi, bar shi a cikinka. In ka kai wa ɗayan, ka tashi daga mai sulhu ka koma ɗan kai-komo.

Uwar adashi, Marwa:
Malam dillali ya yi gaskiya, amma zan ƙara abin da ku maza ba ku son ji. Sulhun da yawancin manyanmu ke yi shi ne "kai ƙarami, ba yayanka haƙuri", a shafa fatiha a watse. Wannan rufe wuta ne da toka. A adashinmu wata ta kwashi nata, ta daina zubi wata uku. Muka taru, ta yi kuka, aka ce wadda kwasarta ta zo ta yafe don Allah. Ta ce ta yafe, bakinta kawai. Bayan shekara a gidan suna maganar ta tashi, har da zagin iyaye, adashin mutum 20 ya watse. Da na tsaya ranar nan na ce nawa ne, yaushe za a biya, ko dubu bibbiyu ne duk ranar kasuwa, da yanzu muna tare. Alhaji, in akwai haƙƙi a fito da shi fili tukuna. Mai haƙƙi ya ga abinsa a hannu, in ya so ya yafe da kansa.

Ɗan kasuwa, Garwa:
Hajiya kamar kina gidanmu. Abin da Inna ke so ke nan, ƙaramin ya durƙusa a wuce wurin.

Malamin makaranta, Kuseri:
Mu nan ba mu raina ƙaramar rigima tun abin da ya faru a Logon-Birni cikin Disamba 2021. Masunta sun haƙa ramukan tare ruwa, shanun makiyaya na faɗawa ciki, daga nan wuta ta kama har cikin Kuseri, aka ƙona kasuwar shanu, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Allah kada ya maimaita mana.

Nawa labarin ƙarami ne. Shanu suka shiga gonar masakwata da dare. Na tafi wurin lawan ina huci, ina cewa an cinye rabin gona. Akwai kwamitin rikicin manoma da makiyaya da dokar 1978 ta kafa a ƙarƙashin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, na ce can zan kai. Tsohon bai musa mini ba, bai kuma saurari bayanin kowa ba. Ya ce mu tafi gonar, ni da mai shanun da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare. Aka auna ɓarnar da taku. Wallahi ko kashi ɗaya cikin biyar ba ta kai ba, ni da kaina na sunkuyar da kai. Shi ma makiyayin da ya zo yana musu, ga sawun shanunsa, sai ya yi shiru. Aka yanka buhu biyu, ya biya. To Alhaji, ka nemo direban motar da makanikin da ya gyara ta. Buhu nawa aka ɗora, nawa aka zubar, nawa aka sayar a Yaunde? Har yanzu rantsuwa ce da zargi kawai a hannunka.

Tsohon direba, Gaundare:
Ni gargaɗi ne nawa kan sa hannu. Wani kamfanin sufuri ya sallame ni ina bin albashin wata biyar. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ce sai an fara zuwa wurin sufeton ƙwadago ya gwada sasantawa kafin kotu. Muka je, aka miƙo mini na wata biyu a hannu, ga kuɗin haya na jirana, na sa hannu a takardar sulhu. Daga baya na gane abin da ka amince da shi a takardar nan ya rufu ke nan. Ba wanda ya tilasta ni, yunwa ce. Duk abin da kuka yanke, ka ba kowannensu kwana biyu ya kwana da shi kafin ya ce na yarda.

Akawu, Njamena:
Tunda harkar kasuwanci ce, ku sani ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, har da Kamaru da Chadi, suna da dokar shiga tsakani da aka amince da ita a Konakiri cikin Nuwamba 2017. A ƙarƙashinta abin da aka faɗa wurin sulhu sirri ne, yarjejeniyar kuma ana iya kai ta kotu ta tabbatar, ta zama abin zartarwa kamar hukunci. Tsakanin 'yan'uwa ba na ba da shawarar zuwa can. Amma ni na taɓa sasanta maigidana da mai kawo masa siminti da baki kawai, bayan wata shida kowa ya tuna adadi daban. Rubuta, ko a bayan kwalin sukari ne, shaidu biyu su sa hannu.

Uwargida, Gidar:
Ɗana, ni tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka ji haushi. A zuciyarka wa ka fi yarda da shi? In har kana da amsa, su ma sun san ta. Lokacin da aurena ya kusa mutuwa, yayan mijina aka ba sulhu, mutumin kirki, amma duk abin da ya faɗa sai in ji muryar ƙaninsa. Sai da aka bi abin da Suratun Nisa'i ta ce, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nawa, sannan na iya buɗe baki. Ka samo wanda ƙaramin zai ji yana da kafaɗar jingina. Matan kuma ka bar wa Innarku su, ta fi ka sanin inda za ta taɓa.

Ɗan kasuwa, Garwa:
Goggo kin kama ni. Babban na fi yarda da shi, tun farko.

Ga inda aka kwana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Malam dillali ya ce. Ƙaramin ya nuna mini wayarsa: kwana na biyu da lalacewar mota ya kira yayansa sau tara yana neman kuɗin da zai ɗauki wata mota a juye kayan, ba a ɗaga ba. Babban kuma, bayan mun daɗe shiru, ya ce 250,000 daga cikin jarin rance ne daga wurin surukinsa, ko matarsa ba ta sani ba, ya roƙe ni in bar shi a tsakaninmu. Direba ya ce buhu 38 aka zubar a gabansa. Da kuɗin gyara lissafi ya kusa haɗuwa, saura kamar 40,000 da ƙaramin ya kasa faɗin inda ta shiga.

Kawunmu ya yarda zai zo daga Fitowa ranar Juma'a, mu zauna bayan masallaci. Abin da ya rage mini: maganar rancen nan ita ce za ta sa ƙaramin ya fahimci zafin yayansa, ga shi na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Wa ya taɓa shawo kan mutum ya faɗi irin wannan da bakinsa?