Cilakowa ta liƙe kanta a kogon tsamiyar da za a sare: a fasa ko a jira?

Mai Gandu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata tsohuwar tsamiya a gefen gona da ta ruɓe daga ciki, ana so a sare ta kafin iskar damina ta kayar da ita kan rumbu. To amma a jikinta, kamar tsayin mutum biyu daga ƙasa, akwai kogo da aka liƙe bakinsa da laka, aka bar 'yar tsaga a tsaye wadda yatsa ma da ƙyar zai shiga. Cilakowa na zuwa da fara a baki, wani bakin ya leƙo daga ciki ya karɓe. Yara sun ce mijin ne ya yi mata kulle don kishi, har wasu na cewa a fasa a cece ta. Wa ya yi liƙin nan? Kuma kwana nawa za a jira kafin a sa gatari?

Malamin Daji:
Wa alaikumus salam, Mai Gandu. Da farko dai a hana yaran nan taɓa lakar. Ba wanda ya kulle ta, ita ta kulle kanta. Takan fara shafe bakin kogon da laka tun tana waje, har ya rage ƙofar da za ta iya kutsawa da ƙyar. In ta shiga, sai ta ƙarasa daga ciki da kashinta da ragowar abinci, tana daddaɓe shi da gefen baki kamar mai yaɓen ɗaki. In ya bushe yakan yi tauri sosai. Tsagar da take bari ba ta wuce faɗin santimita 1 ko kusa da haka ba, daidai tsinin baki. Maciji, guza da muzuru duk sai dai su yi kallo, haka ma sauran tsuntsayen da ke neman ƙwace kogon.

Abin da ya sa fasawa ke zama kisa shi ne, da ta fara saka ƙwai sai ta zubar da dogayen gashin fukafukanta da na jela kusan a lokaci ɗaya. Yawancin tsuntsaye ɗai-ɗai suke sauya gashi don kada tashi ya gagare su. Ita kuwa tunda ta san zaman ɗaka za ta yi, sai ta haɗa sauyin gashi da kwanci. In ka fasa a wannan tsakanin, za ka fito da tsuntsuwar da ba ta iya tashi, ga ƙwai ko 'yan tsaki tsirara a fili.

Ga lissafin kwanakin. Bayan ta liƙe, takan yi 'yan kwanaki kafin ƙwan farko, don jikinta na iya ajiye maniyyin namiji. Ƙwai 2 zuwa 4 ne ga irin cilakowa mai launin toka, irin mai jan baki kuma kan kai 5 ko 6, kuma ba a jere kullum take saka su ba. Kwanci kwana 24 zuwa 26. Bayan ƙyanƙyasa takan ƙara kamar mako uku a ciki, sannan ta fasa ta fito da sabon gashi. 'Ya'yan kuma, ba wanda ya koya musu, su sake liƙe ƙofar da kashinsu, su zauna har su cika kwana 45 ko kusa da haka da ƙyanƙyasa. In ka haɗa, daga ranar liƙi zuwa ranar da autan zai fita, wata biyu da rabi ne zuwa uku.

Uwar Fadama:
Lissafin Malam daidai ne, sai dai Mai Gandu bai san ranar da aka liƙe ba, don haka wata ukun nan ba zai gaya masa ranar sara ba. Abin yi shi ne a gane matakin da suke. Ɗan'uwa, ka samu inuwa mai nisan taku 30 ko fiye, ka zauna da hantsi na awa ɗaya, kwana biyu a jere.

Idan tsuntsu ɗaya ne ke kawo abinci, jefi-jefi, kuma ba ka jin komai daga ciki, to kwanci take, da sauran tafiya. Idan zuwansa ya yawaita, kuma duk saukarsa kana jin tsuwa daga kogon, an ƙyanƙyashe. Idan ka ga biyu suna kai-komo a waje alhali ƙofar na liƙe, uwar ta fito ke nan, saura kamar mako uku. Ranar da ka ga lakar a farfashe, ba mai kawo abinci har kwana uku, gida ya tashi. Kada ka yi gaggawa da ganin ɗa ɗaya a reshe, domin ba rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su ba, ba kuma rana ɗaya suke fita ba. Babban kan fita, ƙananan su sake toshewa.

Gindin itacen ma yana ba da labari. Uwar kan juyo da bayanta ta saita tsagar ta harbo kashi waje, shi ya sa cikin kogon ba ya ƙazanta, kuma za ka ga farin feshi a ƙasa ta gefen ƙofar. In feshin ya daina sabunta alhali ƙofar na liƙe, wani abu ya faru a ciki.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari a wannan lokaci shi ne namijin, don hanya ɗaya yake bi sau da yawa a rana, yaro mai danƙo kuwa nan da nan zai gane ta. In aka kashe shi tun uwar na ciki, abinci ya yanke wa gidan gaba ɗaya. Haka nan feshin maganin fara kusa da itacen, domin farar da magani ya jigata ita ce mafi sauƙin kamu, kuma ita zai kai musu.

Mai Gandu:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Ɗaya ne ke zuwa, bakinsa baƙi da ɗan zane fari a gindi, kuma ana jin tsuwa. Damuwar dai reshen da ya karkato kan rumbun.

Malamin Daji:
To mai launin toka ce, kuma wanda ka gani namijin ne. Macen saman bakinta fari-fari ne, tsininsa ja. Tunda ana jin tsuwa kuma uwar ba ta fito ba, abin da ya rage ba zai wuce mako shida zuwa bakwai ba.

Reshen ana iya rage shi, amma da zarto na hannu, ba da gatari ko injin yanka ba, saboda jijjiga kan tsattsaga liƙin. A ɗaure shi da igiya, a yanko shi gunduwa-gunduwa daga tsini, a yi aikin da sassafe cikin ƙasa da awa ɗaya, sannan kowa ya bar wurin don namijin ya dawo. Wani abin lura kuma: irin wannan kogo sau da yawa yana da rami da ya yi sama, nan uwar ke haurawa ta ɓuya in ta ji motsi. Kada a yanka daf da saman ƙofar, a bar aƙalla mita 1. Kada kuma a kwashe duk ganyen da ke yi wa kogon inuwa.

Ɗan Baka:
Maganar inuwar nan ba ƙarama ba ce. A hamadar Kalahari ta Afirka ta Kudu an bibiyi 'yar'uwarta mai rawayan baki daga 2008 zuwa 2019. Sheƙar da ke fitar da 'ya'ya ta faɗo daga kashi 58 cikin 100 zuwa kashi 17, kuma ba a ga wadda ta yi nasara ba idan matsakaicin ƙololuwar zafin rana ya haura digiri 35.7 a ma'aunin Salshiyas. Dalilin a fili yake: namiji in zafi ya yi yawa haki yake yi ba farauta ba, uwar kuma tana cikin tanda ba ta da inda za ta. Babban bakin nan ma yana taimaka musu, don in jiki ya ɗau zafi jini kan kwarara cikinsa ya fitar da zafin, amma bakin da ke cikin kogo ba ya samun iska.

Kada kuma a haɗa cilakowa da burtu, ko da yake dangi ne. Burtu ba ya liƙe ƙofa. Ƙwai biyu macen ke sakawa, na biyun kan ƙyanƙyashe bayan 'yan kwanaki, kuma kusan kullum yunwa ke kashe shi don babban ya fi ƙarfinsa. Ɗa ɗaya ke nan, shi ma sai ya yi kusan wata uku kafin ya bar kogo. Shi ya sa sare manyan itatuwa da neman kansa da maharba ke yi don ɓad da kama suka fi yi masa illa, har ya shiga jerin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu a 2018.

Idan iska ta riga ku ta kayar da itacen, a yanko guntun da kogon yake, a ɗaure shi a tsaye a jikin itace mafi kusa, a inuwa, ƙofar na kallon inda take kallo a da. Iyayen kan bi tsuwar. Ɗan da ya faɗo a mayar da shi ciki. In dole sai an ciyar, fara da gara da tsutsa ne abincinsa, ba gero ko tuwo ba. Kada a ɗura masa ruwa a baki, ƙofar numfashinsa na gindin harshe, shaƙewa zai yi. Ruwansa daga jikin ƙwarin yake samu.