Kwamiti ya ba ni N150,000: in sayi Logos ko in gyara tsohuwar kwamfutata?

Mai Bishara na Agege: Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina neman shawara kafin Lahadi, don ranar zan ba kwamiti amsa. Ni nake jan binciken Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba a sashen Hausa na ikkilisiyarmu, kuma an ware mini N150,000 in nemi abin da zai taimake ni shiri. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar aikinta) 4GB, Windows 10 ke kanta. So nake in riƙa ganin Hausa da Turanci gefe da gefe, kuma ya yi aiki ko babu data, don sabis a layinmu sai a hankali. Ga wata damuwa kuma: in na rubuta "kauna" ina neman ayoyi, sai a ce babu, alhali ga ta nan cike da 1 Korintiyawa 13. Wani abokina ya ce in zuba kuɗin a Logos, manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki. In saya, ko in gyara kwamfutar in tsaya kan na kyauta?

Ɗan Kagoro: Sayi iPad ka huta, ɗan'uwa.

Maman Godiya: Ɗana, me ya yi zafi? YouVersion, manhajar Littafi Mai Tsarki ta waya, kyauta ce, akwai Hausa a ciki, ta Bible Society da kuma Sabon Rai Don Kowa. Ka sauke su ranar da kake da data, daga nan ko a cikin molue ka buɗe za ta buɗu. Da ita muke yi a zumuntar mata. Kuɗin nan a sayi kujeru.

Mai Bishara na Agege: Na gode Mama, ina da ita a waya. Amma ina bukatar sharhi da ƙamus, kuma in rubuta darasi a wuri ɗaya.

Baba Dattijo Ojo: Yaro, kada ka bari kowa ya sa maka wani abu a kwamfuta a kasuwa. Kowa! Bayan na bar aikin soja aka ɗora ni kan ajin masu shirin baftisma. Wata rana na je Ikeja sayen caja, wani saurayi ya tare ni a bakin hanya, da ya ga Littafi a hannuna sai ya ce yana da Logos cikakke, littattafai dubbai, N35,000 kawai. Ya kai ni wani shago a bene, ya sa filas ya zuba. Ashe na sata ne wanda aka fasa, ga ƙwayar cuta a ciki. Da farko lafiya lau. Wata safiya na kunna, duk fayil ɗina sun canza suna, babu wanda ke buɗuwa, ga rubutu a fuska wai in biya da dala. Darussan da na tara tun ina barikin, tsarin wa'azin jana'iza, har rubutun marigayiya matata na zumuntar mata da ta zauna ta buga da hannunta, duka suka tafi. Na koma shagon, mai shagon ya rantse bai san yaron ba, wai aron kujera kawai yake yi. A gabana ya ci gaba da cin abincinsa. Kuɗin ba su dame ni ba. Rubutun matata ne.

Maman Godiya: Wayyo Baba, sannu. Allah ya ta'azantar da ku.

Injiniya Otigba: Baba sannu da haƙuri. A Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, nake aiki, kuma abin da ya same ku muna ganinsa. Mai Bishara, saurara. Logos manhaja ce mai nauyi, bayan ka sauke ta sai ta zauna tana jera littattafanta ɗaya bayan ɗaya don nema ya yi sauri, kuma a kan 4GB da tsohon hard disk za ka ga kwamfutar ta yi zafi ta tsaya cik. Da dala ake biya, kuma tun 2024 sun koma tsarin biyan wata-wata, ko da yake littafin da ka saya naka ne. Ni dai ga shawarata: sa SSD 256GB (ma'ajiyar fayil ce da ta fi hard disk sauri), ƙara RAM ta kai 8GB, sai ka sauke e-Sword, wata manhajar nazarin Littafi, daga shafin masu ita, kyauta ce a Windows. Akwai KJV+ a ciki, wato fassarar Turanci ta King James mai lambobin Strong, ka taɓa lamba ta nuna maka kalmar Ibrananci ko Helenanci, ga sharhin Matthew Henry kyauta. Duka aikin ba zai wuce N55,000 ba. Ka tuna kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Ɗan Kagoro: N55,000 a ina? SSD kaɗai na saya N48,000 a Alaba.

Rifkatu Obalende: An cuce ka. Ƙanena ya sa nasa N22,000.

Injiniya Otigba: Na hannu ne wannan, 'yar'uwa. Akwai wanda ake cirowa daga matacciyar kwamfuta a goge shi a sa a kwali.

Baba Dattijo Ojo: Kun ji ko? Shi ma wancan yaron haka ya yi ta lissafa mini lambobi da baki mai daɗi.

Injiniya Otigba: Haba Baba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni ban ce ya kawo wurina ba ma.

Rabaran Mile 12: Bari in sa baki. Injiniya ya san ƙarfe, amma tambayar nan ta koyarwa ce. Lambobin Strong tun 1890 suke, kan KJV aka gina su, kuma na sha jin matasa sun ɗauki lamba ɗaya sun gina wa'azin awa guda a kanta ba tare da sanin nahawun harshen ba. Mu da muka zauna aji a JETS, makarantar tauhidi ta ECWA da ke Jos, mun san haɗarin. Wanda zai tsaya gaban jama'a ya nemi sharhi na zamani, kuma a nan Logos ta fi. Akwai ta kyauta da 'yan littattafai, ya fara gwadawa a waya.

Rifkatu Obalende: Da girmamawa Baba Rabaran, ku makaranta ta koya muku, kuma ofis ne ya saya muku kwamfuta. Shi ma'aikacin kamfani ne da ke shiri da dare bayan ya sha go-slow. Iyayenmu da suka riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, kuma da shi aka kafa ikkilisiyoyin da muka fito.

Rabaran Mile 12: 'Yata, iyayen nan sun yi makarantar Baibul a ƙauye kafin a ba su bagade. Kada mu raina karatu.

Bulus Mai Gadi: Ni tambayata ɗaya: a cikinsu wace ce ke kashe kanta in wa'azi ya wuce minti arba'in? Ita za mu yi wa karo-karo mu saya wa kowane fasto a Legas.

Maman Godiya: Kai Bulus, Allah ya shirye ka!

Malama Saratu Idi-Araba: Ba wanda ya amsa masa zancen "kauna". Ɗan'uwa, a wurin kwamfuta k daban, ƙ daban, haka d da ɗ, b da ɓ. Littafin da ƙ aka buga shi, kai kuma k kake rubutawa. A waya ka ƙara Hausa a Gboard, allon rubutu na Google, haruffa masu lanƙwasa za su fito. A Windows akwai allon rubutun Hausa a cikin saitin harshe, ko ka sauke Keyman, manhajar allon rubutu ta ƙungiyar harsuna ta SIL. In kana sauri, kwafi kalmar daga cikin aya ka liƙa a wurin nema. Haka 'ya'ya, wani lokaci alamar da ke kan wayarka miƙaƙƙiya ce, ta cikin Littafin kuma mai lanƙwasa. Na gefe da gefe kuwa, gwada AndBible a Android, tana raba fuska biyu kuma ba ta neman data bayan ka sauke. Biblica, ƙungiyar da ta buga Sabon Rai, ta sake ta a buɗe don kowa ya yi amfani da ita kyauta, shi ya sa ake samunta a irin waɗannan wurare. Kafin ka biya kowa ko kobo, ka fara tabbatar fassarar Hausar da kuke karantawa a coci tana cikin kayansa.

Mai Bishara na Agege: Malama, Allah ya saka. Yanzu na gwada da ƙ, ayoyi sun zubo. To e-Sword ɗin, ina rubutuna zai zauna?

Injiniya Otigba: A folda mai suna e-Sword cikin Documents. Kwafe ta a filas duk mako, ka kuma tura Google Drive.

Baba Dattijo Ojo: Filas! Ta filas cutar ta shigo mini.

Rifkatu Obalende: Tunda an zo kan haruffa, mu a wurinmu majigi ne matsalar. In an haska aya a sujadar Hausa sai ka ga akwati-akwati a madadin ƙ da ɗ, tsofaffi suna ta lalube.

Malama Saratu Idi-Araba: Salon rubutun ne ba shi da su. A sa Charis SIL ko Andika a kwamfutar majigin, kyauta ne, minti biyar an gama.

Rifkatu Obalende: Wa zai bar mu mu taɓa ta? Yaran da ke kula da ita na sashen Turanci ne, ana tashi sujadarsu sai su kulle su tafi da makulli.

Bulus Mai Gadi: Ku har majigi kuke gani. Mu ana cewa amin na Turanci ake kashe janareta, wai man ya yi tsada. Sha biyun rana, ba fanka, a ƙarƙashin kwano. Amma ranar baiko na gini ba a manta da sashen Hausa.

Rabaran Mile 12: Wannan magana ce ta majalisar dattawa, ba ta nan ba.

Maman Godiya: Mun kai ta majalisa tun bara, Baba Rabaran. Wa ke zaune a majalisar? A cikin su duka mutum nawa ne ke zuwa sujadar Hausa?