Haɗa kwamfuta biyu da waya ɗaya: abin da masu gyara suka tsayar

Wani mai shagon buga takardu ne ya kawo tambayar yadda ake haɗa kwamfuta biyu da wayar sadarwa (kebul) ɗaya wurin masu gyaran kwamfuta na titin Beirut a Kano. Yana son kwashe fayiloli daga tsohuwar kwamfutarsa ta tebur zuwa sabuwa, kuma ya gaji da kai-komo da filasha.

An fi daɗewa a kan irin wayar da za a yi haɗin da ita. Dattawan sana'ar suka dage sai crossover, wadda aka sauya jerin siraran wayoyinta a kai ɗaya. Matasa suka ce, "Haba Alhaji, ai an wuce nan." Hujjarsu ita ce katin sadarwa na gigabit, wato mai saurin nan na cikin kwamfutocin zamani, yana daidaita kansa, don haka wayar sadarwa ta gama-gari, Cat5e ta kasuwa, ta wadatar, muddin ɗaya daga cikin kwamfutocin na da shi kuma tsawon wayar bai haura mita 100 ba. Ni dai ina bayan matasan.

Sai adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita a kan haɗin. Tunda babu rauta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci adireshi, a saka da hannu: ɗaya 192.168.1.1, ɗayar 192.168.1.2, su biyun da 255.255.255.0 a gurbin da aka rubuta subnet mask, a bar gurbin da aka rubuta gateway fayau. Daga nan a gwada da ping, umarnin da ke duba ko ɗaya kwamfutar na amsawa.

Inda aka fi maƙalewa kuwa Windows ce. Takan ɗauki irin wannan haɗi a matsayin na jama'a, ta rufe ƙofa. Sai an mayar da shi na gida, a kunna raba fayil, a zaɓi foldar da za a raba, sannan a shiga da suna da kalmar sirrin ɗaya kwamfutar.

Wani ya ƙara da cewa a jona UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci, tukuna, don in aka ɗauke wuta ana tsakar kwafi, fayil ɗin da ke hanya ya lalace.