Hunturu ya shigo: lambuna yana bushewa, sola kuma ta rage ƙarfi

Maman Biyu, Samaru Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana ne hunturuna na farko a gidan kanmu, da can haya muke a saman bene. Maigidan an mayar da shi aiki Legas, sai ni da yara. A bayan gida ina da dashen mangwaro biyu da ba su kai shekara ba, da zogale, da fangali uku na latas da tumatir. Tun da iskar nan ta taso a farkon Disamba, in na yi ban ruwa da hantsi, kafin la'asar ƙasar ta tsattsage. Zogalen ya kaɗe ganye tas. Solar da take kai mu asuba, yanzu ƙarfe ɗayan dare ta ɗauke. Ga ɗakin baƙi ya yi yoyo da damina, shin yanzu zan kira mai gyara ko in bari sai bazara? Don Allah ku taimaka, na ƙwallafa rai a kan lambun nan.

Mai Lambu, Kura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ruwan hantsi iska kike ba wa, ba shuka ba. Iskar hunturu ba ta da laima ko kaɗan, ki koma yi bayan la'asar sakaliya, ƙasa ta kwana tana sha. Sannan ki rufe fangalin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu uku. Ki kafa zana ta ɓangaren arewa maso gabas, ta nan iskar take bugowa.

Mangwaron ki yi wa kowanne gurbi zagaye, bokiti guda duk bayan kwana biyu. Amma kada ciyawar ta taɓa gindinsa, gara za ki gayyato, kuma ƙaramin dashe ba ya jure mata. Zogale bai mutu ba, halinsa ne da rani. Ki sare shi daidai ƙugu, ki riƙa ba shi ruwa, zai tofo da rassa fiye da na da. Tumatir kuwa wannan sanyin ne lokacinsa, zafin Maris da tsutsar sharon, mai cinye ganye da 'ya'yan tumatir, su ne abin tsoro.

Birkila daga Funtuwa:
Hajiya kada ki jira bazara. Da hadari ya fara haɗuwa kowa zai tuna da rufinsa, masu gyara su yi wuyar samu. A hau yanzu a duba ƙusoshin kwanon da wurin haɗi, yawanci nan yoyon yake. In aikin ya kai ga filasta, ki tsaya a kansu: siminti a hunturu saurin bushewa yake ya tsage. A riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana 7.

Yaya Babba, Katsina:
Ƙanwata, kafin ki zargi batir, a hau a duba gilashin solar. Ƙura ce ta lulluɓe shi, ga hazo ya rage rana. A wanke da sassafe kafin ya ɗau zafi, ruwa zalla da tsumma mai laushi, sau biyu a mako.

Abin da ba ki tambaya ba kuma shi ya fi damuna, tunda ke kaɗai ce da yara. Kada ki kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take sumar da shi. A unguwarmu an taɓa ɓalle ƙofa aka fito da uwa da 'yarta a sume, Allah ne ya yi da sauran kwana. Ki ɗumama ɗakin, ki fitar da kaskon, ki kashe shi da ruwa.

Maman Biyu, Samaru Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Ƙanena ya hau ya wanke solar jiya da safe, ruwan da ya gangaro daga gilashin kamar kunun kanwa, da dare kuwa wuta ta kai mu kiran sallar farko. Yaya, wallahi da kaskon muke kwana tun makon jiya, na daina. Malam Mai Lambu, ban samu ɓuntu ba, ɓawon gyaɗa zai yi?