Wane suna za mu ba API da Hausa?

1/ Jiya ina nuna wa ƙanena yadda burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ke karɓo bayani daga sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanan shafi), sai na ji kowace jimla tawa sai na cusa API a ciki, wato hanyar da wata manhaja ke neman bayani daga wata. Yaron yana gyaɗa kai, amma na ga bai kama ba. Abin ya tsaya mini a rai.

2/ Ga aikinsa. In ka buɗe shafin hasashen yanayi, burauzarka ba ta kutsawa cikin rumbun bayanan masu shafin. Wani adireshi aka tanada, can take kai buƙatarta bisa ƙa'idar da suka shimfiɗa, a miƙo mata amsa, galibi a wani tsarin rubuta bayanai da ake kira JSON. Amsar na zuwa da lamba: in an dace ta ga 200, in babu abin 404, in ba ta nuna shaida ba 401.

3/ Wani abokin aiki ya ce "dillali". Ban gamsu ba. Dillali yana ciniki, yana cin la'ada, API kuwa ba a taya masa.

4/ "Ɗan aike" ya fi kusa, sai dai wannan suna ya fi dacewa da fetch, umarnin da burauza ke aika buƙata da shi. Shi ne mai zuwa ya dawo. Wurin da yake zuwa muke nema wa suna.

5/ Ni dai na tsaya a kan "zaure". Baƙo ya yi sallama, ya tsaya a zaure, ya faɗi abin da ya kawo shi, a fito masa da shi. Bai ga tsakar gida ba, bai san inda rumbu yake ba. Mai gida zai iya rushe ɗakuna ya sāke gini, muddin zauren na nan baƙo ba ruwansa. Haka mai sabar ke canza rumbun bayanai ba tare da shafin ya lalace ba, kuma wannan ne ainihin sauƙin da API ke kawowa.

6/ Na san mun saba cewa "zauren WhatsApp", za a iya rikicewa. Don haka mu cika shi: zauren manhaja.

7/ Na gwada wa ƙanena da safe: "Burauza ta tura ɗan aike zauren manhaja, aka sallame shi da 404." Ya ce, "Yaya, wato ba a sami abin a gidan ba?"